Hoton Malam Tamimu da Buhun Shinkafa

Staten Island, New York
Farkon Nuwamba, 2012

Zuwa ga Yaya Indo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ta kwantar da hankalinta, guguwar da kuka gani a talabijin ba ta taɓa ni ba, wuta ce kawai ba mu da ita har yanzu.

Tun da ruwan ambaliyar da guguwar ta kawo ya janye nake yawo da kyamara, jaridar da nake sayar wa hotuna ta tura ni bakin teku. Yaya, na ga jirgin ruwa kwance a gefen titi. Ko'ina laka da warin fetur.

A unguwar Tompkinsville na tarar da Malam Tamimu, dattijo mutumin Kumasi, wanda a shagonsa nake sayen daddawa da manja. Ruwa ya murɗe ƙofar shagon ta ƙi buɗuwa, sai ya fasa tagarsa da kansa yana fitar da shinkafar da ba ta jiƙe ba. Na ɗauke shi yana tsallakowa, buhu a kafaɗa. Na tura hoton tare da sunansa da cikakken bayani, edita ya ce gobe a shafin farko zai fito. Ki taya ni murna.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Zalika

Staten Island, New York
Ƙarshen Nuwamba, 2012

Yaya Indo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, sauran kuma ga shi.

Hoton ya fito a shafin farko. Sai dai sun cire sunan Malam Tamimu, suka rubuta a ƙasa wai ɓarayi na wawashe shaguna bayan guguwa. Sunana kuwa ba su manta da shi ba, yana nan a gefe. Na buga wa edita waya har muryata ta dushe. Ya ce aiki ne ya yi musu yawa, wanda ya tsara shafin bai ga bayanina ba. Baƙin mutum, fasasshiyar taga, buhu a kafaɗa, ai ba su buƙaci karanta komai ba. Daga baya suka buga gyara, layi biyu, can cikin jarida kusa da tallan katifa.

Kafin nan hoton ya gama duniya ta intanet. Wasu suka rubuta “ɓarawo” da fenti a bangon shagonsa. A masallaci matan da muke buɗa-baki tare yanzu da ƙyar suke amsa sallamata, na ji ana cewa na sayar da dattijon mutane. Abin ya kai har zangon Kumasi. An nuna wa mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, ta daina fita ko suna.

Na kai masa jaridar da gyaran yake ciki. Ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, sannan ya ce, “Ɗiyata, wannan ko da tabarau tsohuwata ba za ta gani ba.” Na rantse masa na rubuta sunansa. Bai ƙaryata ni ba, bai kuma ce ya yarda ba.

Shekaranjiya ya aiko a kira ni da kyamara. Na same shi cikin farar riga da hula, tsaye a ƙofar shagon, makullai a hannu. Ya ce in ja baya yadda allon da ke ɗauke da sunansa zai fito, zai aika wa tsohuwa. Na ja baya na ɗauka. Da na gama ya yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce daga yau in nemi wani shagon da zan riƙa sayen daddawa.

Ina isa gida na tarar da saƙon edita. Wai hoton farkon ya fi kowanne jan masu kallo, suna so su shigar da shi gasar hotunan shekara, in turo gajeren tarihina.

Kada ki gaya wa Inna. Ki sa ni a addu'a.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Zalika