Gyaran da Baba Ya Yi wa Zafin Duniya

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da karatu. In kin ga rubutun nan kamar kaza ta yi tsere a kan takarda, da hagu nake yi. Hannun dama yana cikin bandeji, kuma ba wanda ya aike ni. Jiya musu ya sarƙe ni da Mai Faci, na kashe janareta na dafa salansa don in nuna masa inji yana hucewa da an kashe shi. Yana hucewa kam, ni ne dai na riga shi.

Asalin musun kuwa ke ce. Kin tuna lissafin kwamfutar da kika nuna min da hutu, wanda za ki kare a gaban malamai? A zuba masa yawan hayaƙin da duniya ke fitarwa duk shekara, ya zana layin zafi yana hawa. Ranar da kuka je dubo gwaggonki a asibiti, na ɗauki kwamfutar zuwa shago in nuna wa Mai Faci da Mai Walda irin 'yar da na haifa. Na mayar da hayaƙin sifili, na ce su kalli ikon Allah. Layin ya daina hawa, amma ya ƙi sauka, ya miƙe a sama kamar igiyar shanya. Mai Faci ya ce kuɗin makaranta sun bi ruwa.

Tun kafin a haife ki nake gyaran janareta, ban taɓa ganin abin da aka kashe ya ƙi sanyi ba. Na gane kuskure kika yi. Na bi akwatunan lambobin ina murɗawa kamar kabureta, har na dace da wanda ya zubo da layin ƙasa cikin shekara biyar, na adana. Ban faɗa miki ba don kada ki ji kunya.

Me malamin ya ce? Wayarki kuma ba a ɗauka, shi ya sa na ba direba wannan. Ki huta lafiya.

Babanki, likitan inji.

*

Baba,

Ina gaishe ka, Allah ya ba hannun lafiya.

Sai da na karanta wasiƙarka na san abin da ya same ni. Na haska zanen a bango gaban malamai, Farfesa ya cire tabarau ya tambaye ni ko na sanar da hukumomin duniya cewa na warware musu matsala. Akwatin da ka murɗa shi ne na yawan hayaƙin da teku da dazuzzuka ke shanyewa. Ka sa teku ya sha abin da bai taɓa sha ba. Yanzu ana zargina da ƙirƙirar sakamako, magana tana gaban kwamiti, kuma hukuncinsa kora ne. Duk kwanakin nan kaina nake tsinewa, shi ya sa ban ɗauki wayar kowa ba.

Layin nan lafiyarsa ƙalau. Hayaƙin ba zafin salansa ba ne, taruwa yake yi a sama. Ka leƙa bayan shagonka inda kake zubar da baƙin mai. In ka daina zubawa yau, gobe ƙasar za ta yi fari?

Ka rubuta wa kwamiti abin da ka yi, ka sa hannu. Don Allah ban da barkwanci.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa, in har ana karɓar tawa. Ga takardar kwamiti nan. Mamarki ta tsaya a kaina ta soke barkwanci uku, ɗaya ne ya tsira.

Na leƙa bayan shagon. Na kafa shebur na haƙa har gwiwa, baƙi ƙirin, wari kamar mushen mota, ko tsutsa babu. A nan nake shimfiɗa tabarma in ci abinci, tir. Ashe haka saman ma yake, kuma a ƙarƙashinsa jikokina za su yi rarrafe.

Abin da ya fi tayar min da zuciya, na tuna kin ce hayaƙin duk injinan da na gyara a rayuwata ko ɗigo ba zai yi a lissafin ba. To masu manyan masana'antun da suka cika saman da hayaƙi fa? Sun fi ni karatu nesa ba kusa ba, sun ga layin nan, suka ci gaba. Ni aƙalla jahilci ne, aji huɗu na tsaya, shi ma malamin ne ya gaji.

A layinmu yanzu sunana Firjin Duniya. Yaran Mai Walda ma haka suke gaishe ni, har da durƙusawa.

Ki sanar da ni yadda aka yi. Allah ya rufa asiri.

Babanki, wanda ba a aika ba.

*

Baba,

Ina gaisuwa. An karanta takardarka a fili, har magatakarda sai da ya fita waje ya yi dariya. Sun wanke ni daga ƙirƙira. Amma sun ce wadda ba ta duba lambobinta kafin ta haska ba, ba ta gama koyo ba. An ƙara min zango guda. 'Yan ajinmu za su sa rigar kammalawa wata mai zuwa, ni ina ɗaki.

Farfesa ya ce rabin sababbin ɗalibai da irin tunaninka suke zuwa, kuma ba su jin bayaninsa. Yana so ka zo ka tsaya gabansu ka maimaita gyaran naka, ka faɗi dalilinka da bakinka, sannan ni in nuna inda ka ɓata. Ban tambaye ka ba, na ce masa za ka zo.

A gaida Mama.

'Yarka.

*

Uwata,

Zan zo. Mamarki ta wanke min riga, ta ce ita ma a ajiye mata kujera a gaba don kada dariyar farko ta wuce ta. Ki ɓata ni son ranki, kada ki rage komai.

Zangon da na ci miki kuwa na rasa inda ake sayar da irinsa. Ki bar shi a wuyana.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki.