Ni na kai Yayana allura, Baba bai sani ba

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Mu 'yan Jiratawa ne, ni ina Maraɗi gun gwaggota ina karatu. Sati biyu da suka wuce Yayana ya kawo tumatir kasuwa, lokacin ana rigakafin sanƙarau a unguwarmu, na matsa mishi sai da ya hau kabu-kabu muka je. Har yana tsokanata wai 'yar lakkol ta zama lokotoro, daga ɗaliba sai likita. Muka yi alkawari ba za mu faɗa ma Baba ba, don Baba ba ya son zancen allura ko kaɗan.

Washegari layin ban ruwa ya zo kan gonarmu. Wanda ya san Jiratawa ya san in layinka ya wuce sai ka jira, don haka Yaya, da zazzaɓin allurar a jikinshi, ya wuni cikin rana yana jan ruwa. Kwana biyu cinyoyinshi suka kumbura, ya kasa ɗaga hannu, fitsarinshi ya koma kamar shayin da ba madara. Da idona na gani a roba.

Yanzu yana asibiti a Maraɗi ana ta ƙara mai ruwa. Na ja likita gefe na nuna mishi karne, takardar rigakafin. Ya ce naman jikin Yaya ne ke narkewa yana bi ta ƙoda. Ya ce allura tana iya jawo haka amma da ƙyar ake samu, shi bai taɓa gani ba, kuma aikin da Yaya ya yi cikin rana ya ƙara tsananta abin. Ya ce in aka cire ruwan yanzu ƙodar na iya tsayawa.

To ga matsalar. A ranar ban ruwan Yaya ya yi cacar baki da maƙwabcin gonarmu kan buɗe ruwa, mutumin ya ce mishi za ka gani. Baba ya riƙe wannan maganar, ya ce jifa ne, ba ciwon asibiti ba. Ya ce gobe bayan sallar Juma'a zai ɗauke shi ya kai shi gun wata mai magani a bayan garin Tsibiri. Gwaggo ta roƙe shi har da kuka, ya ce mata ta yi shiru, ita mace ce.

In na faɗi gaskiya wataƙila ya bar shi. Wataƙila kuma ya ce asibiti ne suka zuba mai ciwon, ya ɗauke shi yau ma. Na san Babana, kowanne zai iya yi. Yaya kuwa da na tambaye shi, ido kawai ya lumshe.

Ɗazu Baba ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka da nake jinyar ɗan'uwana. Karnen na cikin jakata yana faɗin haka.

In faɗa mishi ko in yi shiru? In faɗa ne, da wace kalma zan fara? Baba ya riga ya yi ma mai mota magana, gobe ƙarfe uku.