Yatsan Ƙarshe na Tovikope

Kedome, farkon watan Mayu

Zuwa ga maigidana Efo Agbeko,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a Sasandira. Yaya kamun bana? Yaya kafaɗar nan taka, ko ta sake ka? Mu nan muna lafiya. 'Yarmu Sefako ta ƙara tsawo, tana ta yi mini Turanci a kan kwanon tuwon akple. Daavi Yawa mai fataucin kifi ce za ta kawo maka wannan, don Allah ka ba ta amsa kafin ta juyo.

Efo, teku ya matso. Kwakwar da kake ɗaure kwalekwale a jikinta ta faɗi tun kafin Ista. Ɗakin girkin maƙwabtanmu ya tafi, kuma idan ruwa ya cika ina jin ƙasa tana rawa a ƙarƙashin gadonmu. Tun da aka jera yatsun duwatsun nan da suka miƙe cikin teku a garin haihuwata Tovikope abin ya ƙaru. Can yashi ya taru har samari sun kafa ragar ƙwallo a bakin ruwa, nan kuwa kullum sai an wayi gari an ga an gutsure mana wani wuri.

An yi taro a harabar coci. Injiniyar aikin ta zo, wata mace ce mai suna Madam Kpodo, kuma ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce, "Gaskiya ne, yatsun suna tare yashin da ya kamata ya gangaro muku. Naku aikin yana nan zuwa. Amma teku ya ƙaru tun lokacin da aka yi zanen farko, dole a sake zane a ɗaga duwatsun, in ba haka ba ruwa zai haye su." Tsohuwar nan Mama Adzo ta miƙe da sandarta ta ce, "To Madam, tunda kin iya magana, sai ki je ki gaya wa tekun ya jira zanenki." Mutane suka yi dariya, amma ba dariyar daɗi ba ce.

Ni kuma na zama abin nuni a wurin bandar kifi. Idan na iso sai wata ta ce, "Ku matsa wa 'yar masu duwatsu." Jiya Mama Adzo ta ce mini, "In za ki gida, ki ƙullo mana yashinmu a bakin zane." Shekarun da na yi a garin nan, da 'yar da na haifa musu, duk sun tashi a banza.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Ƙanenka Senyo ya tara masu jan taru. Sun yanke shawarar za su ɗaura igiyoyin taru a gindin yatsan ƙarshe, su janye duwatsun, yashi ya samu hanya. Ka san abin da ke bayan yatsan nan. Gidan Dada ne, uwata, da ɗakin da aka haife ni. Na ji su ne suna maganar a bayan katangarmu. Da Senyo ya gan ni sai ya yi murmushi ya ce, "Matarmu, ai ba ki ji komai ba, ko?" Na ce ban ji ba.

Ban san abin da zan yi ba. Kai kaɗai Senyo yake jin maganarka. Ka rubuto masa, ko ka rubuto mini.

Sefako tana gaishe ka. Allah ya tsare ka a kan ruwa.

Matarka,
Akpene


Kedome, ƙarshen watan Mayu

Zuwa ga Efo Agbeko,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya. Daavi Yawa ta dawo hannu wofi, ta ce kun fita nesa, ta bar takardata a wurin mai masaukinku. Wannan zan ba direban motar Aflao, ko Allah zai sa ta riske ka.

Na je Tovikope da niyyar faɗa musu. Na tarar da Dada tana dafa wainar abolo, idonta ya ƙara rauni, sai da ta shafa fuskata ta ce na rame. Yayana Dotse yana gyaran koma a tsakar gida. Ya ce, "A'a, mutanen Kedome. Ku zo da tabarma mu ba ku aron bakin teku ku sha iska." Na dube shi, na dubi addarsa a jingine da bango, na tuna abin da ya yi wa mutumin nan a rikicin gonar albasa. In na buɗe baki, zai tara samarin Tovikope, kuma wani zai mutu, ko wana ko ƙanenka. Na ci abolo na yi sallama ban ce komai ba. Dada ta raka ni bakin ƙofa ta ce, "Akwai magana a bakinki." Na ce gajiya ce.

Daga nan na wuce inda tifofi suke juye duwatsu, na nemi Madam Kpodo. Na tambaye ta kamar wasa, na ce in da teku zai kwashe yatsan ƙarshe, yashi zai zo mana? Ta daɗe tana kallona. Ta ja ni bayan gidan Dada ta ce in duba. Daga bakin teku zuwa tafkin da ke bayan gari, jifa ɗaya ne. Ta ce, "Yashi zai zo muku, amma ba bana ba. Abin da zai fara zuwa shi ne ruwa. Zai fasa nan ya haɗu da tafki, ya yanke hanyar mota, Kedome ta zama tsibiri." Sai ta rage murya ta ce, "'Yar'uwa, in kin san wani abu ki faɗa mini." Na ce tambaya ce kawai. Da na faɗa, 'yan sanda za ta kira, kuma ba zan iya zama matar da ta sa aka ɗaure ƙanen mijinta ba.

Na samu Senyo shi kaɗai a wurin kwalekwale na gaya masa abin da ta ce. Ya ce, "Ita da mota ta zo, da mota za ta koma." Na ce ya je ya duba wurin da idonsa. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Yayana ya ƙare ƙuruciyarsa a ruwan wasu don ya gina ɗakin da kike kwana. Ruwa yana bakin ƙofarsa, ke kuma gidan uwarki kike ji." Efo, maganar ta shige ni, domin akwai gaskiya a cikinta. Shi ma ɗakinsa ya tsage, matarsa ga ciki. Ba mugunta ce take tura shi ba.

Sun sa rana. Ranar da ba a fita kamun kifi mai zuwa, idan ruwa ya ja baya da hantsi. Wata kuma yana cika, teku ya fara nauyi, kana jin rurinsa har cikin coci. Na fara ɗaure kaya.

Ka yi mana addu'a.

Taka,
Akpene


Makarantar Kedome, watan Yuni

Zuwa ga maigidana Efo Agbeko,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Kafin komai, ni da Sefako muna raye, ba wanda ya ji ciwo. Ka riƙe wannan a ranka kafin ka karanta sauran.

Ranar da suka sa, tun da safe ruwa ya taɓa dokin ƙofarmu ya koma. Duk layinmu na bakin ruwa mata suna kwashe kaya zuwa makaranta. Na tura Sefako can, na ɗaure namu ƙunshi ƙunshi a tsakar ɗaki, na ɗauki na farko. Ina fitowa na hango maza sun nufi yamma da igiyoyin taru a kafaɗa. Na mayar da ƙunshin, na kulle ƙofa, na bi ta hanyar bakin tafki da gudu. Na ce a raina zan dawo kafin ruwa ya sake cika.

Na riga su isa. Na hau gindin yatsan, na zauna a kan babban dutsen da ke riƙe da sauran. Da suka iso suka tsaya cirko-cirko. Senyo ya ce, "Matarmu, sauko." Na ce na zo shan iska. Ya ce, "Sauko, ba na son in taɓa ki." Na ce ba sai ya taɓa ni ba, ya ɗaura igiyarsa. Ya kuwa ɗaura. Ya zagaya dutsen da ita, ta bi ta ƙarƙashin ƙafafuna. Maza suka jeru a kan yashi kamar za a ja taru.

Kafin su gama jeruwa mutanen Tovikope suka fito, da filafilan tuƙi da adduna, Dotse a gaba. Ya gan ni a sama ya ce, "Akpene, me kike yi a nan?" Sai ya ga igiyar, ya gane. Ya nufi Senyo. Ban san inda na samu muryar ba. Na ce, "Dotse, in ka ɗaga addar nan a kan ƙanen mijina, zan faɗa ruwan nan a gabanka, ka je ka yi wa Dada bayani." Ya tsaya. Na juya na ce wa Senyo, "Kai kuma ja. In an gama ka rubuta wa yayanka ka ce kai ka ja."

Ka san ba a jan igiya sai an ba da waƙa. Duk suka juya suna kallon tsoho Kokuvi, mai ba su waƙa. Ya gyara murya, ya dube ni, sai ya zauna a kan yashi ya ce maƙogwaronsa yana ciwo. Senyo ya ce wani ya bayar. Ba wanda ya bayar. Kuma ba wanda ya saki igiyar, mutanen Tovikope ma ba su ja da baya ba. Haka muka tsaya rana tana dukanmu, ana zage-zage daga nesa. Na san in na sauka za a fara. Ruwa ya juyo, ya fara watso mini, ya jiƙe ni sharkaf, ina riƙe da dutse da farce. Ina kallon yadda yake hawa, na san abin da yake yi a Kedome, ban sauka ba.

Sai muka ji ƙararrawar cocinmu, ana buga ta ba tsayawa. Maza suka zubar da igiya suka ruga. Wasu daga mutanen Tovikope suka tura kwalekwale ta tafki suka bi su, har da Dotse, su suka kwaso tsofaffin da ruwa ya tare, har da Mama Adzo. Ni kuwa Kokuvi ne ya sauko da ni.

Efo, gidanmu ya tafi. Da na isa, bangon gaba ya riga ya kwanta, ina tsaye na baya ya bi shi, kwanon rufin ya naɗe kamar tabarma. Layin gaba ɗaya ya tafi, da ɗakin Senyo. Kowa ya fitar da kayansa sai mu. Keken ɗinkina, akwatinka, sabuwar komar da ka ajiye, hoton aurenmu, duk suna ciki a ɗaure. Maƙwabta sun ce ƙofa a kulle take. Gaskiya ne, ni na kulle ta.

Yanzu muna kwana a aji ɗaya da iyalai da yawa. Matan Kedome ba sa yi mini magana, sun ce na zaɓi uwata. Dotse ma ya ɗauke mini kai, ya ce na zauna na ci abinci a gidansu da magana irin wannan a cikina. Dada ta aiko in dawo gida da Sefako. Na ce ta yi haƙuri. Nan aka kawo ni aure, nan zan jira ka.

Bayan abin da ya faru, tifofi sun fara zuwa. Madam Kpodo ta ce ba babban aikin ba ne, tudu ne na buhunan yashi da duwatsu don a samu a wuce damina, amma an ɗaga shi ya fi tsayin mutum. Ta bayan coci ya bi. Filinmu yana wajen tudun, ta gefen teku. Na tambaye ta ko za a iya matsawa gaba kaɗan, ta ce in aka matsa, ruwa zai cinye gindinsa kafin wata ya sake cika. Duk gari muna aikin, maza suna cika buhu, mu muna ɗaukar yashi a daro. Senyo ne yake ɗora wa mata kaya a layinmu. Yana ɗora mini kamar kowa, ba ya kallona. Matarsa ta haihu a nan makaranta, namiji, ni na riƙe ta domin ba wata a kusa.

Takardarka ta iso shekaranjiya. Na karanta ta a kan bencin 'yan makaranta. Ka ce in zauna a gida in kula da kayanmu, kada in shiga maganar maza, kai za ka yi wa Senyo magana idan ka zo. Da ta zo da wuri ma, ban sani ba ko da na bi ta.

Na san shekarun da ka zuba a ginin nan, na san sanyin da ka sha. Ba na so ka ji labarin a bakin wani, shi ya sa na rubuta shi duka yadda ya faru. In kana ganin na yi kuskure, ka zo ka faɗa mini da bakinka, zan tsaya in ji. Amma kada ka taho da zaton na yi nadama. Ina kukan gidan kullum, kuma da za a mayar da ni safiyar nan, dutsen zan sake hawa.

In za ka taho, ka sayo wa Sefako takalmi, ƙafa ɗaya kawai muka tsinta.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce matarka,
Akpene