Hannuwan Baba a Bangon Shago

Zuwa ga ƙanena abin alfaharina, Autan Inna,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da mai ɗakinka da takwarana. Allah Ya sassauta muku sanyin ƙasar da ka ce yana daskarar da fenti a cikin gwangwani, Ya kuma sa albarka a cikin sana'arka. Ka san halina, ba na iya buɗe wasiƙa babu baiti, ko da za ka yi tsaki kamar yadda ka saba:

Ga gaisuwa na ɗora wa iska,
In ta iso ka, ta shafi fuska.

Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna ta samu sauƙin gwiwa, har tana dogara sanda ta fito ƙofar gida tana sa baki a harkar da ba a sa ta ba. Gwaggo tana nan da faɗanta. Kawu Dogo ya bar wa 'ya'yansa sayar da katako, ya koma raba shawara kyauta ga wanda ya nema da wanda bai nema ba. Babbar 'yata ta kammala koyon aikin jinya. Ni kuwa ina nan a maɗaba'a ina gyara kurakuran mutane, ina tara nawa baitocin a aljihun tebur.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mai ɗakinka ta kira ni, kuma kada ka yi fushi da ita, domin ƙauna ce ta sa. Ta ce tun da ka ji mai layin shagunan da Baba ya yi gyaran keke a ciki ya sayar, kuma za a rushe, ka kasa zaune ka kasa tsaye, har ka fara neman tikitin jirgi don ka zo ka ƙarasa zanen da ka bari a bango. Ta kuma ce a daidai wannan lokaci ne gidan wasan kwaikwayon da kake yi wa aiki ya danƙa maka zanen labulen babban wasansu na bana, kai kaɗai, bayan shekarun da ka yi kana wanke buroshin wasu kana cika musu gefe. Shugabar masu zane ta faɗa maka ƙarara cewa in ka tafi za ta ba wani, ga shi kuma izinin zamanka a rataye yake da wannan aiki. Auta, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Kada ka zaci na raina bangon nan. Ina tsaye ka zana shi: Baba zaune a ɗan benci, ƙafar keke tsakanin gwiwoyinsa, ya karkata kai yana sauraren juyawarta, sifanar ɗaure noti a hannun dama, babban yatsan hagu mai tsagaggen farce a kan wayar ƙafar. Komai ka gama sai fuska. Baba ya rasu kana ƙarami, bai bar hoto ba, ka zana ka goge har ka gaji, sannan ka shafe wurin da fari ka ce kada kowa ya taɓa sai ka dawo. Mun riƙe amana. Mai gyaran wayar da ke haya a shagon yanzu ko ƙusa bai buga a wurin ba.

Da na ji ƙudurinka, sai na yi wata dabara da na zaci ta masu hikima ce. Na tara waɗanda suka san Baba a gaban bangon, don kowa ya faɗi kamanninsa, in rubuta in aiko maka, ko ka zana a can hankalinka ya kwanta. Ashe rigima na tara. Gwaggo ta ce hancinsa siriri ne irin nata. Kawu Dogo ya rantse mai faɗi ne, ya ƙara da cewa da alama Gwaggo ba ta taɓa duba madubi ba, ita kuma ta ce ai wanda tsawonsa ya hana shi ganin fuskokin mutane ba shi da bakin magana. Tsohon mai askin da ya yi wa Baba aski shekara da shekaru ya ce shi dai ƙeya da bayan kunne zai iya ba da shaida a kansu. Ni da nake taƙama na fi kowa riƙe shi a zuci, na rufe ido, ban ga komai ba sai hula da goshi.

Labarin ya isa kunnen Inna, ta ce a kai ta. Ka san tun da ka yi zanen ba ta taɓa zuwa ba. Muka sa mata kujera a gabansa, ta daɗe tana kallo, masu kawo gyaran waya suna ratsa ta. Can ta nuna yatsan nan mai tsagaggen farce da bakin sandarta, ta ce wannan shi ne, babu abin da ya rage. Ta ce mutumin nan bai cika ɗaga kai daga aiki ba, ita kanta da ta zauna da shi hannuwansa ta fi sani, su ta gani suna miƙo mata cefane, su ta gani suna ɗaukarmu. Da na gaya mata shirinka, sai ta ce in rubuta maka cewa Baba bai taɓa barin ƙafar keke a kwance ya tafi gaisuwa ba, ko wane ne ya zo sai ya jira ya ɗaure ta. Ta ce ɗan da zai bar aikin mutane a tsakiya ya hau jirgi don bango, ba halin ubansa ya ɗauko ba.

Washegari na nemo magini. Ya ƙwanƙwasa bangon ya ce gaba ɗaya ba zai ciru ba, amma zai gwada yanko inda hannuwan suke. Ya yi ta bi da guduma a hankali kamar mai ɓare ƙwai. Shafen ya tsage ta kan ƙafar keken, ba zan ɓoye maka ba, amma hannuwa biyu da sifana sun fito lafiya. Kafinta ya yi musu gida na katako, yanzu suna jingine a ɗakin Inna kusa da gadonta, ta hana kowa gogewa sai ita. Sauran bangon zai tafi tare da layin, kuma na yi masa bankwana a madadinka:

Bango na bulo ne, yana faɗuwa,
Hannun da ya koyar ke wanzuwa.

Saboda haka, a matsayina na yayanka, ina umartarka ka bar maganar tikiti. Ka koma kan tsaninka, ka zana wa masu wasan sararin sama da tekun da suka nema, ka sa musu hannu irin na gidanmu. In wata rana fuskar ta zo maka, ka zana ta a can a kan ƙyalle. In ba ta zo ba, ba ka ci bashin kowa ba, tunda mai hakkin ta ce an gama.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Gwaggo da Kawu Dogo suna gaishe ka, kowa daban, don har yau ba su shirya a kan hancin ba. Maman yara da yaran suna gaida mai ɗakinka. Ka shafa mini kan takwarana, ka duba babban yatsansa na hagu ka gaya mini ko ya ɗauko.

Ni ne yayanka mai ƙaunarka,
wanda kake tsokana da Sarkin Baiti.