Dokar da Na Rubuta da Hannuna Ta Kama Ni

Gwaggo, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis, domin idan ta wuce ban san da wace fuska zan ƙara shiga ofis ba.

Ni malami ne a wata kwaleji, shekara goma sha tara ina koyar da awon ƙasa da zanen taswira. Shekara huɗu da suka wuce kwalejinmu ta ce dole kowane malami ya rubuta takardar manhaja ta darasinsa: abin da zai koyar mako-mako, littattafan da za a karanta, lokacin da ɗalibi zai same shi a ofis, da yadda zai raba maki. Aka nemi wanda zai shugabanci kwamitin tsara dokokin. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, ni kuwa na ɗaga hannu har da miƙewa tsaye.

Shafi goma sha ɗaya na rubuta. Abin alfaharina a ciki shi ne sakin layi na bakwai, wanda ya ce malami ba zai canza rabon maki ba bayan an fara zango sai a rubuce, shugaban sashe ya sa hannu, a ba kowane ɗalibi kwafi, a ajiye ɗaya a fayil. Yawan ambatonsa ya sa a bayan idona ake ce mini Malam Bakwai. Labari ya zo kunnena, kuma wallahi daɗi na ji. Akwai wani dattijo a sashenmu, shi ya koya mini riƙe ma'auni tun ina ɗalibi. Sau huɗu na mayar masa da takardarsa da jan biro, na ƙarshe don ya rubuta "da yamma" bai faɗi ƙarfe nawa ba. Ya karɓa ya ce Allah ya ƙara mini basira. Na ce amin! Ko mutanen gidana ban ƙyale ba. Da hutu na manna wa yara jadawali a jikin firji, har matata ta tambaye ni ko ita ma sai an sa mata hannu kafin ta canza miya.

To, ga abin da ya faru. A takardata ta wannan zangon na rubuta aikin fili maki ashirin, gwaji ashirin, jarrabawa sittin. A mako na shida muka fita awo bayan kwaleji, rana ta gasa mu tun safe har kusan la'asar. Da muka dawo aji, ɗalibai suka yi mini caa, wai wannan wahala duka a kan maki ashirin? Na ga gaskiyarsu, kuma, kada in ɓoye miki, na so su yabe ni. Nan take na ce fili ya koma arba'in, jarrabawa arba'in. Suka yi ta tafi, kaina ya kumbura. Na ce a raina gobe zan rubuta. Goben nan ba ta zo ba har aka yi jarrabawa.

Abin da na manta shi ne mutum ɗaya ba ya ajin ranar. Magini ne, ya haura arba'in, ya dawo karatu bayan ya aurar da 'ya. Tsani ya zame da shi a wurin aiki ya karye a ƙafa, ya kawo takardar asibiti, ni na karɓa. Yana kwance ya ɗauko takardata ya yi lissafi, ya ga ko ya rasa aikin fili zai iya ci idan ya dage, ya kuwa dage. Da sanda ya zo jarrabawa, ya fi kusan kowa. A rabon da ke rubuce ya ci sarai. A rabon da na yi da fatar baki ya faɗi da maki uku, kuma wannan darasin kaɗai ya rage masa ya gama.

Ya rubuto ƙara, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Ya kawo sakin layi na bakwai kalma bayan kalma, ya kuma tuna mini cewa ranar farko ni na ɗaga takardar a gaban aji na ce alkawari ce tsakanina da su. Kin san inda ake kai irin wannan ƙarar? Kwamitina. A kan teburina sakatariya ta ajiye ta, tana ta faman danne dariya. Ranar Alhamis za a zauna a kanta.

Kada ki ce in koma wa abin da ke rubuce a wuce wurin. Na gwada. Idan na koma, mutum goma sha ɗaya da suka ci za su faɗi, waɗanda suka ji maganata suka zuba ƙarfinsu a fili.

Saura abin kunyar. Mabuɗin kabad ɗin fayil yana aljihuna, shugaban sashe kuma abokina ne, yakan sa hannu ba tare da ya karanta ba. Na buga takardar canji da kwanan watan mako na shida. Kwana uku tana cikin jakata. Sau biyu na kai ƙofarsa na ɓuge da tambayar lafiyar iyali. Matata ta ce tunda ta aure ni ba ta taɓa ganin na bar abinci a kwano ba sai wannan makon. In kai takardar? In ajiye shugabancin in ce rashin lafiya? Ko in tsaya a yi mini dariyar da na daɗe ina tarawa?

Naki,
Mai Jan Biro

*

Mai Jan Biro,

Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, ciro takardar nan daga jaka ka yaga ta. Abin da ka yi a mako na shida sakaci ne, ana gyara shi. Wanda ke cikin jakarka ha'inci ne, zai kayar da mutumin da bai yi laifi ba, ya jawo abokinka cikin abin da bai sani ba. Takardar ba ta ma da amfani, tunda aji guda sun san ba a ba su kwafi ba.

Ban ga mugunta a canjin da ka yi ba. Mai awon ƙasa a fili yake nuna gwanintarsa, kuma malamin da ya ga gumin ɗalibansa ya tausaya ba abin zargi ba ne. Amma dokarka tana da gaskiya fiye da yadda kai kanka ka sani. An yi ta ne saboda wanda ba ya ɗakin lokacin da ake tafi, wato saboda wannan magini. Su ma goma sha ɗayan ba su da laifi, maganar malaminsu suka riƙe. Kowane ɓangare ya yarda da kai, kai ne ka yi magana biyu.

Gobe da safe ka rubuta wa shugaban sashe abin da ya faru, da ranarsa, ba kwana-kwana. Ka ce ba za ka zauna a kan wannan ƙara ba, ka miƙa mabuɗin kabad har a gama. Ka haɗa da shawara: a lissafa wa kowane ɗalibi ta hanyoyin biyu, a ba shi wadda ta fi masa. Idan kwaleji ba ta yarda ba, ka roƙa a shirya wa maginin aikin fili idan ƙafarsa ta warke, kai ka ɗauki wahalar. Hukunci nasu ne, amma sun fi sauraron wanda ya kawo kansa.

Maginin kuma kada ka bari ya ji a bakin wani. Ka neme shi, ka ce masa ya yi daidai. Dattijon nan ma ka leƙa ofishinsa ka gaishe shi, ka bar biro a gida.

Batun ajiye shugabanci da sunan ciwo, ban goyi baya ba. Dariya za a yi, wannan babu makawa, kuma ka san ka ci bashinta. Ka riga su fara yi wa kanka, cikin mako biyu za ta wuce. Kwalejinku za ta fi amfana da shugaban kwamitin da ya taɓa tsayawa a gaban teburin fiye da wanda bai san komai ba sai bayansa.

Ka je ka ci abinci, ka ba matarka baiwar Allah haƙuri. Allah ya ba maginin lafiya da takardar gamawarsa, kai kuma ya sa ranar Alhamis ta zo maka da sauƙi.

Gwaggonku