Wa Zai Riƙe Jikana a Coci

Leipzig, 3 ga Mayu, 1879

Aminina Gottlob,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙafar, ta bar ka ka runtsa? Yaya uwargidanka Minna da yara?

Albishirinka! 'Yata Alwine ta sauka lafiya, namiji, ana jin muryarsa har bakin titi. Tun Talata bakina bai rufu ba.

Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Surukina Eberhard ya ce malaminsa na jami'a, Farfesa Rautenberg, shi zai riƙe yaron ranar baftisma, a kuma sa masa sunansa. Ka ji fa! Ka tuna abin da muka koya a makarantar yamma ta ma'aikata, da furfurarmu, hannu duk tawada: hankali ne ke jan duniya, kowane zamani ya fi na baya 'yanci. Yanzu wai wannan tsohon yayi ne. Su Farfesa sun ce makauniyar sha'awa ce ke jan mu, rayuwa wahala ce zalla, gara ma ba a haifi mutum ba. Da hannuna na jera haruffan littafinsa a maɗaba'a, shafi ɗari huɗu, babu murmushi ko ɗaya.

Na ce wa Alwine, "Mutumin da ya ce haihuwa asara ce za ki miƙa wa ɗanki?" Ta ce, "Baba, kishi kake yi." Na ce ba kishi ba ne, falsafa ce. Kai kaɗai zan gaya wa: kishi ne. A da ni take tambaya komai, yanzu kowace magana sai "Farfesa ya ce."

Ka gaishe da mutanen gida.

Naka,
Traugott

Leipzig, 12 ga Mayu, 1879

Aminina Gottlob,

Ina fata kuna lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi.

Farfesa ya aiko da takarda, wai ba zai tsaya a coci yana murna da abin da ya shekara talatin yana kushewa ba. Na ce wa Eberhard, "Malaminka mai gaskiya ne, Allah ya ƙara masa baƙin ciki!" Ni na riƙe yaron. Sunansa Traugott.

Amma saurara. Muna shan kofi a gidan su Alwine sai ga tsohon Farfesan, wai wucewa yake yi. Ya leƙa gadon jaririn fuska a murtuke. Yaron da ya yini yana tsala kuka a hannuna sai ya damƙe yatsansa, ya yi tsit. Tsohon ya daɗe a sunkuye bai zare ba, na ga hawaye na bin gemunsa. Da zai fita ya tambaya ko zai iya dawowa Lahadi, Alwine kuwa ta ce masa bismillah, gidansa ne.

Suna dai nawa ne, amma Lahadi tun sassafe ina can. Don Allah ka tambayi Minna a asirce, ko akwai abin da ake shafawa a yatsa jariri ya kama.

Naka har kullum,
Traugott babba