Na Mayar da Jan Mayafi, Kunzes

Gonpar Dakmar, gidan ibada na kan dutse, tsakiyar watan Fabrairu.

Zuwa ga Kunzes, hasken safiya da ke fara sauka a kan tsaunin Tarchung tun kwari yana cikin inuwa, ruwan farko da ke gangarowa gona bayan wata shida tana ƙishi, furen bishiyar chuli da ke buɗewa tun reshe bai yi ganye ba, sanyin idona, ɗumin ƙirjina.

Juley, ina gaishe ki, Kunzes. Kada ki yi mamakin jin waɗannan kalmomi daga mutumin da ya shekara biyu bai ce miki komai ba sai "sannu da aiki, malamar asibiti". Sun daɗe a maƙogwarona, ikon furta su ne ba ni da shi. Shekaranjiya na samu. Na mayar da jan mayafin lama, tufar masu zaman ibada da suka yi alkawarin ba za su yi aure ba. Mai rubuto miki yau ba lama ba ne, Thinles ne kawai, ɗan ƙauyen Yulchok, mai shekara talatin da huɗu, wanda ba shi da gona ba shi da akuya, yana kuma sonki son da ya hana shi sanin ɗanɗanon shayi.

Kin tuna ranar nan ta kaka a wurin dutsen niƙa na bakin rafi? Na kawo sha'ir ɗin ƙaramar gonpar ƙauyenku, inda aka turo ni daga Dakmar, kin kawo na mahaifiyarki. Gari ya yi wa girarki fari, kina dariya kina karkaɗewa, ni kuwa na tsaya da buhu a kafaɗa na manta inda ake sauke shi. Na buɗe baki, kika riga ni.

"Lama-le, na san abin da za ka ce, kada ka ce. Ni ba na satar kayan gonpa. In kai nasu ne, zauna lafiya, ba zan riƙe ka a zuciya ba. In kuma ba nasu ba ne, ka je ka faɗa wa wanda ya ɗaura maka mayafin nan, ido da ido."

Sannan kika gaya mini an ba ki canjin wurin aiki zuwa babban asibiti a can ƙasa, inda ba a san dusar ƙanƙara ba. Kika ce za ki riƙe takardar har kogi ya narke. In ya narke ba ki gan ni ba, kin ji amsa, za ki sa hannu. Wace mace ce ke yanka mutum haka da murmushi, ta kuma ɗaure masa ciwon a numfashi guda? Ke kaɗai.

Da kogin Zanskar ya daskare na kama hanyar Dakmar, inda malamina yake, tare da Acho Motup, mai fataucin man shanu, da ke komawa gida. Shi zai kawo miki wannan takarda. Kwana tara muna tafe a kan ƙanƙara, muna jan ƙafa kamar tsofaffi, ruwa yana gurnani a ƙarƙashinmu. Ban ji tsoron kogin ba. Ƙauyuka ne suka ba ni tsoro. Duk inda muka hau tudu muka shiga gari, sai mutane su fito da fararen gyale su rataya mini a wuya, su zaunar da ni a saman layin zama, wurin manya, kusa da murhu, su cika mini ƙwarya da shayin gishiri da man shanu, ban kurɓa biyu ba an ƙara. A wani gida wata tsohuwa ta ɗora mini jikanta na kwana goma a cinya ta ce in raɗa masa suna. Na raɗa, na hura masa addu'a. Suna ganin jan mayafi, ni kuwa ina ganin fuskarki a cikin tururin shayi. Ban taɓa jin kaina ɓarawo ba sai a wannan tafiya.

A gonpar da ke tsakiyar hanya mun tarar ana rawar fuskokin itace. An busa dogayen ƙahoni, tsaunuka suka amsa, mai rawar barewa ya fito yana juyi a farfajiya. Shekara goma sha ɗaya ni nake wannan rawa a Dakmar. Ƙafafuna suka fara bin kiɗa ba da izinina ba, na koma bayan ginshiƙi na yi kuka. Ba zan ɓoye miki ba, ƙaunatacciyata, abin da na bari ina sonsa. Ba gudu na yi daga kurkuku ba. Gida na bari saboda wani gidan da ya fi shi kira na.

Motup ya same ni a can, ya ce, "Lama-le, in kuka za ka yi, ka yi da sauri, hawaye na daskarewa a nan. Kada in kai wa yarinyar mutane miji da ido a manne." Ban taɓa gaya masa komai ba. Ya ce tun rana ta biyu ya gane, don lama ba ya tambayar ɗan fatauci nawa ake kashewa a yi rufin ɗaki.

Rana ta bakwai muka isa Yulchok, wurin mahaifiyata. Ita ta riƙe hannuna ina ɗan shekara bakwai ta hau da ni Dakmar, ta cika alkawarin da ta yi lokacin da ƙyanda ta kusa ɗauke ni. Na same ta a kan soro tana kaɗin ulu a rana. Na durƙusa na faɗa mata. Mazarin bai tsaya ba.

"Wa zai karanta mini in na mutu?" ta ce.

"Ni, Ama-le. Karatun ba a cikin mayafi yake ba."

"Kai dai ka iya magana. Gobe in na je ɗibar ruwa, matan gari su ce ga uwar wanda ya tuɓe."

Ta ci gaba da kaɗinta har yamma. Ta dafa miyar taliya ta ajiye mini a ƙasan layi, kusa da ƙofa, inda ƙananan gida ke zama. Na ci a can. Da safe muna ɗaure kaya ta fito da doguwar rigar ulu ta marigayi mahaifina, ta cusa a kwandona da ƙarfi kamar mai faɗa da kwandon.

"Ba za ka sauko daga dutse tsirara ba," ta ce. Ta juya, sannan ta tsaya. "Yarinyar nan, tana da hannu mai sauƙi? Wadda ta yi mini allura bara kamar da ƙusa ta yi."

Kin ji, Kunzes? Wannan daga bakin Ama-le albarka ce. Ki tanadi allurarki mafi siriri.

Washegari, a wata kwana inda kogi ya matse tsakanin duwatsu, ƙanƙara ta buɗe a ƙarƙashin ƙafata ta hagu, na nutse har gwiwa. Motup ya miƙo sanda ya fizgo ni. Mun canza safa, amma takalmin ya riga ya sha ruwa, kuma sai da muka yi rabin yini kafin mu samu wuta. Haka na hau matakalar Dakmar ina ɗingishi.

Meme Ishey, malamina, wanda ya aske mini kai da hannunsa, yanzu ba ya gani sosai. Na same shi zaune a bakin taga yana shan hantsi, carbi a hannu. Na yi sujada uku. Maganar da na shirya kwana tara ta gudu ta bar ni. Sai kawai na ce, "Meme-le, na zo mayar da alkawarina. Ba zan iya riƙe shi da gaskiya ba."

Ya ci gaba da jan carbinsa, ina jin ƙararsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ka karya shi?"

"A'a."

"Ko da yatsa?"

"Ko da yatsa. Ita ta hana."

Sai ya yi dariya har tari ya kama shi. "To ita ce ya kamata ta zauna a kujerata. Matso." Ya lalubo kaina ya dafa. Hannunsa ya yi sauƙi kamar busasshen ganye. "Shekara ashirin da bakwai ina koya maka abu guda, kada ka yi ƙarya. Sauran duk kiɗa ne da rawa. Na ga waɗanda suka tsufa a cikin mayafi zuciyarsu tana kasuwa. Kai ka kawo tulun da aka ba ka aro bai fashe ba. Na karɓa." Da na ɗago, na ga hawaye a kuncinsa. Ya ce hasken taga ne.

Ba kowa ne ya yi mini irin tasa ba. Akwai abokin karatuna da ya daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsa ba. Na ninke mayafin na ajiye a gaban Meme, na sa rigar mahaifina. Hannunta ya yi mini gajere, wuyanta yana ƙaiƙayi, kuma ban san yadda ake ɗaura ɗamararta ba sai da mai dafa abinci ya nuna mini.

Yanzu ga abin da ya sa takarda ce ta zo miki ba ni ba. Yatsu biyu na ƙafar nan sun yi baƙi. Mai maganin gonpa ya ce ɗaya zai dawo, ƙaramin kuwa sai dai haƙuri, kuma in na taka ƙanƙara kafin wata guda, ƙafar duka zan ba kogi. Na san me za ki ce, ke da kike faɗa da masu ɓoye ciwo, shi ya sa na gaya miki yadda yake. Motup ya ce yatsa tara sun isa aure, shi da goma ma matarsa ba ta ga amfaninsu ba. Gobe da hantsi zai sake sauka fatauci tare da ayari na ƙarshe, don ruwa ya fara hawa kan ƙanƙara a wasu wurare. Wayar ƙauyen ƙasa ta mutu tun watan jiya. Bayan wannan ayari babu mai sauka, babu mai hawowa, sai hanyar tsauni ta buɗe a watan Yuni.

Kogi zai narke ba ki gan ni ba, Kunzes. Ina roƙonki, kada ki ɗauki wannan a matsayin amsa. Ga amsata a hannunki. Ya ke gaurakar tafki mai dawowa kan lokacinta, ya ke inuwar bishiya a kwarin da babu itace, za ki bar wata huɗu su cinye mana shekara arba'in? Ki bar takardar canjin aikin nan a ƙasan akwati. In kuma aikin can shi zuciyarki ke so, ki sa hannu, amma ki bar mini kwatance wurin mahaifiyarki, zan biyo ki har ƙasar zafi in koyi gumi.

Ba zan zo miki da abin a zo a gani ba. Na iya karatu da rubutu, na iya sassaƙa itace, na iya dafa shayin mutum tamanin. Ban iya huɗa ba, ban taɓa riƙe jariri fiye da tsawon addu'a ba. Mai dafa abinci ya fara koya mini tatsa, saniyar ta harbe ni sau biyu. Kafin Yuni za mu shirya da ita.

Na san tambayar da za ta zo miki, ko wata ta kawo miki ita a bakin rafi: wanda ya mayar da alkawari ɗaya, me zai hana shi mayar da na biyu? Tambaya ce ta gaskiya. Na farkon, ina ɗan shekara bakwai aka faɗa na maimaita, ina kallon alewar da ke hannun Ama-le. Duk da haka na riƙe shi shekara ashirin da bakwai ban zubar ba. Wannan kuwa ba wanda ya faɗa mini in maimaita. Ni na ɗauke shi, da hankalina, da bakina, na kuma taka kogi kwana tara don in sami ikon faɗarsa.

Ba zan ji amsarki ba sai na tsaya a ƙofarki. Ranar da jakin farko ya ƙetare tsauni, ki duba bayansa, za ki ga wani mutum mai ɗingishi, gashi ya fara tsiro masa a ka, ba a saba ganinsa da shi ba. Kada ki yi dariya da yawa.

Naki, a wannan rayuwa, da duk wadda za a sake haihuwata a cikinta in aka bar ni in zaɓa,

Thinles